Cin Zarafin Yara da Sakaci da Su: Tambayoyi da Amsoshi ga Iyaye, Malamai da Maƙwabta a Zariya

Me ake nufi da cin zarafin yaro?

Duk abin da babba zai yi wa yaro, ko ya ƙi yi masa, wanda zai cutar da jikinsa, hankalinsa ko tasowarsa. Masu aikin kare yara sun kasa shi gida huɗu: raunata jiki, lalata, gallazawa da baki, sai sakaci da ci da sha da magani da karatu. Ba kasafai ake samun ɗaya shi kaɗai ba. Yarinyar da ake duka da wayar wuta, in an bincika, galibi ita ce ake hana wa abincin dare, ita ce kuma ake ce wa ba za ta taɓa yin albarka ba.

Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai cika shekara 18 ba a matsayin yaro, Jihar Kaduna kuma ta yi tata dokar jin daɗin yara da kare su a 2018. Binciken ƙasa da Hukumar Ƙidaya ta yi tare da UNICEF a 2014 ya gano cewa yara 6 cikin 10 a Najeriya suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai 18. Mace 1 cikin 4 da namiji 1 cikin 10 sun ce an taɓa su ta hanyar lalata.

Mu ma an dake mu muna yara. Ina iyakar horo, ina farkon zalunci?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi, kuma masu yin ta ba mugaye ba ne. Akan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, maganar kuwa gaskiya ce, sai dai tarbiyya ba ta buƙatar jini. Malaman da suka yi magana kan ladabtar da yaro sun gindaya sharuɗɗa: kada a doki fuska, kada a fasa fata, kada a karya ƙashi, kada a yi cikin fushi. Hadisin da ake kafa hujja da shi ma ya ce a umarci yaro da salla yana shekara 7, bai ambaci duka ba sai a shekara 10. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara 10 yana yaro, ya ce ko sau ɗaya bai taɓa yi masa tsawa ba.

A aikace, an ƙetare iyaka idan an bar shati, kumburi, ƙuna ko jini. Idan an yi amfani da kebur, muciya, bel mai ƙarfe, wuta ko barkono. Idan an ɗaure yaro, an kulle shi, ko an hana shi abinci da ruwa. Idan an doki kai, ciki ko al'aura. Ko kuma idan yaron bai kai ya fahimci laifinsa ba. Jariri da ɗan shekara biyu ba su san horo ba, zafi kawai suke ji.

Yara kullum cikin faɗuwa suke. Ta yaya zan bambance ciwon wasa da na duka?

Ku duba abu uku: inda ciwon yake, siffarsa, da ko labarin da aka bayar ya dace da shi.

Yaron da ya faɗi wajen ƙwallo ko langa yana jin ciwo ne a inda ƙashi ya turo: goshi, haɓa, gwiwar hannu, gwiwa, ƙwauri. Wuraren da ke da laushi ko suke a ɓoye ba su cika haɗuwa da ƙasa ba. Don haka kwanciyar jini a kunne, wuya, kumatu, ciki, baya, mazaunai, cikin cinya ko al'aura abin tsayawa a duba ne, musamman ga yaron da bai wuce shekara 4 ba. Jaririn da bai fara rarrafe ba kuwa, kowane irin kwanciyar jini a jikinsa, ko da ɗaya ne ƙanƙani, ya isa a kai shi likita a ranar. Wanda ba ya motsawa daga inda aka ajiye shi ba shi da hanyar buge kansa.

Siffar ciwo tana tona abin da aka yi amfani da shi. Wayar wuta da aka ninka biyu tana barin shati mai lanƙwasa. Sanda ko tsumagiya tana barin layi biyu a jere da fili a tsakaninsu. Mari yana barin layukan yatsu a kunci. Damƙa da ƙarfi tana barin ɗige-ɗige a dantse, huɗu a gefe guda, ɗaya a ɗaya gefen. Igiya tana barin zobe a wuyan hannu ko idon sawu. Cizon babba ya fi na yaro faɗi. Idan kuma aka ga sabon ciwo da wanda ya fara warkewa da tsohon tabo duk a jiki guda, to ba sau ɗaya abin ya faru ba.

A baƙar fata kwanciyar jini ba ta fitowa ja ko shuɗi yadda hotunan littattafan likitanci suke nunawa. Wurin yakan ƙara duhu ne kawai, ya ɗan kumbura, ya yi zafi in an taɓa. A duba a hasken rana, a kwatanta da ɗaya ɓangaren jikin. Kada kowa ya yi ƙoƙarin faɗin kwanan ciwo daga launinsa, likitoci ma sun daina yin haka domin ba ya ba da amsa ta gaskiya.

Sai labari. An ce ɗan wata biyu ya mirgino daga gado, alhali bai kai mirginawa ba. Uwa ta faɗi abu ɗaya, uba ya faɗi wani. An ɗora wa yayansa ɗan shekara 3 laifin karayar cinya. An kwana uku kafin a nemi magani, ko an wuce asibiti an tafi wurin mai ɗori cikin dare. Kowanne daga cikin waɗannan ya fi ciwon kansa nauyi a idon mai bincike.

Ƙuna fa? Gidajenmu cike suke da murhu da ruwan zafi.

Haka ne, mafi yawan ƙunar yara haɗari ce. Yaron da ya janyo kofin shayi ko tukunyar koko yana ƙonewa a fuska, ƙirji da kafaɗa, ƙunar ba ta da tsari, ta fi tsanani a sama tana raguwa inda ruwan ya gangara, da ɗige-ɗigen fantsama. Wanda aka tsoma wa hannu ko ƙafa a ruwan zafi aka riƙe, ƙunarsa tana da iyaka a miƙe, zurfinta ɗaya ko'ina, babu fantsama, sau da yawa kuma hannu biyu ne ko ƙafa biyu. Ƙunar mazaunai ga yaron da ake koya wa fo tana yawan biyo bayan fitsarin kwance ko kashi a wando. Wutar taba tana barin zagaye mai zurfi, faɗinsa bai cika santimita 1 ba. Dutsen guga, wuƙa ko cokalin da aka gasa suna barin kamanninsu sak, galibi a bayan hannu, cinya ko baki, wurin da ake “koya wa” yaro daina sata ko ƙarya.

Akwai kuma ƙunar da ake yi da niyyar taimako: kara ƙafar yaro a wuta idan yana jijjiga saboda zazzaɓi. Ba ta tsayar da jijjiga, tana dai iya cinye yatsu. A kwantar da shi a gefensa, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki, a kai shi asibiti.

Jariri bai iya magana ba. Me zan lura da shi?

Mafi haɗari shi ne girgiza. Kan jariri yana da nauyi, wuyansa ba ƙarfi, in babba ya riƙe shi a ƙirji ya jijjiga shi don ya yi shiru, ƙananan jijiyoyin jini na cikin kai suna tsinkewa. A waje ba a ganin komai. Abin da ake gani shi ne barci marar dalili, ƙin kama nono, amai ba gudawa, maɗiga ta kumbura, jijjiga, ko numfashi yana ɗaukewa. Wasu suna mutuwa, wasu su rayu da makanta, farfaɗiya ko shanyewar jiki. Duk wanda kukan jariri ya kai shi maƙura, ya kwantar da shi rigingine a wuri mai aminci, ya fita tsakar gida na minti 10, ko ya miƙa wa wani. Kuka ba ya kashe jariri.

Karayar haƙarƙari ko ta cinya ga wanda bai fara tafiya ba ita ma babbar alama ce. Haka yagewar tantanin da ya haɗa leɓen sama da dasashi, wanda cusa cokali ko bulumboti da ƙarfi kan jawo. Ɗura, wato toshe wa yaro hanci a kwarara masa koko, tana iya tura abinci cikin huhu. Ba wa jariri maganin mura ko na tari don ya yi barci uwa ko mai raino ta samu sararin aiki, shi ma cutarwa ne, yakan danne numfashi.

Akwai abin da ke kama da duka alhali ba shi ba ne?

Akwai, shi ya sa hukunci ba na maƙwabci ba ne. Sikila tana kumbura hannu da ƙafar ƙaramin yaro da zafi mai tsanani. Cututtukan rashin daskarewar jini suna sa jini ya kwanta da ɗan bugu kaɗan. Jarirai da yawa ana haifarsu da tabo mai duhu a ƙugu ko mazaunai, ba ya zafi, ba ya canzawa cikin kwanaki. Laushin ƙashi na ƙarancin sinadarin kalsiyam yana lanƙwasa ƙafafu. Tsagar wanzami da ƙaho suna barin tabo a jere. Gwajin jini da hoton ƙashi ne ke raba gardama, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kuma yana da sashen yara da ke yin su.

Shin talauci ba shi ne sakaci ba? Da me uban da ba shi da shi zai ciyar?

Talauci daban, sakaci daban, haɗa su kuma zalunci ne ga talaka. A gidan da babu, kowa ne ke ramewa, uwa ma ta fi kowa domin takan bar wa yara nata. A gidan da ake sakaci, yaro ɗaya ne ke bushewa sauran suna ƙiba: maraya, agola, ɗan riƙo, 'yar aiki, ko mai naƙasa. Tambayar ita ce, da abin da ke hannu da kuma taimakon da ke kusa, an yi wa yaron abin da za a iya? Rigakafi kyauta ne a asibitocin gwamnati. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9 na farko. Wanda aka nuna wa hanya ya ƙi bi, nasa ya wuce rashi.

Alamomin da ake gani: ƙazuwa ko makero da suka yi watanni ba magani, gyambo yana wari, yaro yana tsintar abinci ko ɓoye shi a aljihu, barci a aji kullum, ɗan shekara 6 an bar masa jariri wuni guda, ƙananan yara suna wanka a Kubanni ko kududdufi da damina ba babba a kusa.

Tamowa tana da awo. Ga yaro daga wata 6 zuwa shekara 5, ma'aikatan lafiya suna zagaya tsakiyar dantse da tef mai launi uku. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa 12.5 rawaya ne. A gida ana iya danna bayan ƙafafu biyu da babban yatsa a ƙirga uku: in ramin ya zauna a duka biyun, kumburin tamowa ne ba ƙiba ba, a tafi asibiti a ranar.

Ta yaya ake gane an yi lalata da yaro?

Sau da yawa ba a jiki ake ganewa ba. Mafi yawan yaran da aka yi wa haka, in likita ya duba ba ya ganin rauni, domin taɓawa ba ta barin tabo, fatar wurin kuma tana saurin warkewa. Don haka “an duba ba a ga komai ba” ba ya nufin yarinya ta yi ƙarya. Duban da tsofaffi ko ungozoma ke yi a ɗaki ba ya tabbatar da komai, ƙarin wulaƙanci ne kawai.

Idan akwai alamar jiki, takan zama jini ko ruwa a wando, zafin fitsari ko bayan gida, tafiya a tale, ƙin zama, ciwon sanyi, ko ciki. Abin da ya fi yawa shi ne sauyin hali: yaron da ya daina fitsarin kwance ya koma yi, firgita cikin barci, ƙin zuwa wani shago ko wani ɗaki da a da yake zuwa da gudu, sanin maganar manya da ta fi shekarunsa, kuɗi ko alewa ko waya da ba a san mafarinsu ba. Alama ɗaya ba hujja ba ce, amma sauyi na farat ɗaya yana da dalili.

Mai yin abin galibi sananne ne: ɗan uwa, maƙwabci, mai shago, malami, mai kai yara makaranta. Yakan fara da kyauta da jan yaro a jiki, ya nemi kaɗaita da shi, sannan ya ɗora masa sirri da barazana. Yara maza ma ana yi musu, sun kuma fi mata ɓoyewa.

Yarinya ta faɗa mini wani abu. Me zan ce mata?

Ku natsu tukuna. Salati da kuka da “wayyo na shiga uku” suna sa ta ga kamar ita ta jawo masifa, sai ta janye maganar. Ku zauna daidai tsayinta, ku ce: “Na ji ki, na yarda da ke. Ba laifinki ba ne. Kin kyauta da kika faɗa mini.” Tambaya ɗaya ko biyu ta isa, irin “sai me ya faru?” Kada a sa mata suna a baki da “Wane ne ko?”, kada a ce “me ya kai ki ɗakinsa?”, kada kuma a tara mutanen gida kowa ya sa ta maimaita. Yawan maimaitawa yana rikita labarin, lauyan wanda ake tuhuma kuma da wannan zai kafa hujja. Kada ku yi alkawarin ɓoyewa. Ku ce za ku faɗa wa waɗanda za su taimaka kaɗai. Daga nan ku rubuta abin da ta faɗa da kalmominta, da rana da lokaci.

Abin ya faru jiya ko yau. Ina za mu je a Zariya?

Asibiti kafin komai, kuma cikin awa 72. Maganin kariya daga ƙwayar HIV yana aiki ne kawai in an fara shi cikin wannan lokaci, ana shan sa kwana 28 ba tsallake. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa ga wadda ta fara al'ada yana da wa'adin awa 120, amma gwargwadon saurin sha gwargwadon amfaninsa. Akwai kuma maganin ciwon sanyi da allurar ciwon hanta.

Kada a yi wa yaron wanka, kada a zaunar da shi a ruwan zafi ko ruwan bagaruwa, kada a shafa komai. Kayan da ke jikinsa kada a wanke su. In an canza, a sa a ambulan ko a naɗe a takarda, ban da leda, domin gumin leda yana lalata shaida.

Gwamnatin Jihar Kaduna tana da Cibiyoyin Salama don waɗanda aka yi wa fyaɗe, ta Zariya tana Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan. Ana duba lafiya a can, a ba da shawara, a haɗa iyali da 'yan sanda da lauyoyi. In akwai zubar jini mai yawa, suma ko rauni a kai, a nufi sashen gaggawa mafi kusa. Ko da kwana uku sun wuce a je, akwai sauran abin yi.

Dangi sun ce a rufa asiri, a sasanta a gaban mai unguwa. Laifi ne?

Mai unguwa da liman suna da babban amfani wajen rikicin riƙo, ciyarwa da mayar da yaro makaranta. Fyaɗe da mummunan rauni kuwa manyan laifuka ne, ba a sasanta su da kuɗin magani da ban haƙuri. Gyaran dokar hukunta laifuka da Jihar Kaduna ta yi a 2020 ya tanadi dandaƙa da kisa ga wanda aka samu da laifin yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Tsananin hukuncin yakan sa dangi su ƙara matsa wa uwa ta yi shiru in mai laifin na gida ne, a nan ne take buƙatar wanda zai tsaya mata.

Asirin da ya cancanci rufi na yaron ne: kada a yaɗa sunansa, kada a sa hotonsa a Facebook ko WhatsApp ko da da sunan neman adalci. Wanda aka sasanta da shi yana komawa unguwar da yake, cikin yaran da yake, ya kuma koyi cewa abin yana da farashi. Sakin matasa su yi masa duka shi ma ɓata shari'a yake yi.

Talla, almajirci da aikatau suna cikin wannan magana?

Suna ciki idan suka hana karatu, suka fi ƙarfin yaro, ko suka jefa shi inda ba mai kare shi. Yarinyar da ke kai tallan gyaɗa tashar Kwangila ko garejin kanikawa bayan magariba, aka kuma ce kada ta dawo da saura, an ba kowane mai “sayen duka” dama a kanta. In ba makawa sai an yi talla, a yi da rana, a rukuni, ban da shiga ɗaki ko shago, ragowar kaya kuma kada ta zama dalilin duka.

Ga almajiri, a tambayi inda yake kwana, wa ke kwana kusa da shi, wa ke kai shi asibiti, yaushe rabon iyayensa da shi. Gardawa da ƙolo a ɗaki ɗaya ba mai lura haɗari ne sananne. Ga 'yar aiki da aka ɗauko daga ƙauye, a duba ko tana karatu, wa ke karɓar kuɗinta, tana iya magana da iyayenta. Kawo yara ta hannun dillaliya don aikatau yana iya zama safarar mutane, aikin NAPTIP ke nan, hukumar da ke yaƙi da ita. Gidajen mari kuwa, abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa cikin Satumban 2019, mutum sama da 300 har da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, ya isa ya sa duk uban da zai kai ɗansa “gyaran hali” ya shiga ciki da idonsa tukuna.

Zagi kawai, ba duka, shi ma cin zarafi ne?

Idan ya zama abincin yau da gobe, e. Tsinuwa, kiran yaro shege ko maye, gori da mutuwar uwarsa, ware shi daga kwanon 'yan uwansa, dukan uwarsa a gabansa. Irin wannan yaro yakan zama mai zabura in an ɗaga hannu, mai yawan ba da haƙuri ba laifi, ko ya zama mai cin zalin na ƙasa da shi.

Ina zargi amma ba ni da tabbas, kuma maƙwabtana ne. Me zan yi?

Tabbatarwa aikin likita ne da jami'in walwala da ɗan sanda, naku shi ne ku faɗi abin da kuka gani. Ku rubuta shi yadda yake: “Talata da yamma, shati uku masu lanƙwasa a bayansa, ya ce faɗuwa ya yi,” ba “ana azabtar da shi” ba. Kada ku tuɓe yaron wani don dubawa, kada ku tunkari wanda kuke zargi, domin fushin yakan sauka kan yaron da dare.

Idan matsalar ta gajiya ce da rashi, kamar uwa mai goyo da ciki ba mataimaki, kwanon abinci, karɓar yaro na awa biyu da raka ta asibiti suna iya sauya komai. Idan akwai rauni, ƙuna, ɗauri, yunwa da gangan ko zargin lalata, a sanar da sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukumar Zariya ko Sabon Gari, ko ofishin 'yan sanda mafi kusa, ko Cibiyar Salama. Malamin makaranta ya sanar da shugaban makaranta a rubuce ya ajiye kwafi. In ran yaro na cikin haɗari a lokacin, a kira 112. Ku nemi a sakaya sunanku, ku karɓi sunan jami'in da kuka yi magana da shi, ku koma bayan kwana biyu ku tambayi inda aka kwana.